Jarumata ba 'yar sanda ba ce, kuma sirrinta ya ɗaure mata baki: ta ina zan ɓullo wa labarin kisan?

'Yar Mandawari:

Assalamu alaikum, yayyena da malamaina. Ina rubuta littafin binciken kisan kai da ya faru a cikin garin Kano, kuma na maƙale a babi na huɗu. Ga ƙashin labarin: wani Alhaji ɗan kasuwar Kantin Kwari ya rasu ya bar mata biyu. Amaryar tana cikin takaba sai aka wayi gari ta rasu, aka ce hawan jini ne, kafin azahar an kai ta maƙabartar Dandolo. Ƙawarta tun daga makarantar kwana ba ta yarda ajali ne kawai ba, sai ta shiga bincike da kanta. Abin da babu wanda ya sani shi ne, tsakaninta da mamaciyar akwai soyayyar da ta wuce ƙawance. Na ga Turawa suna da irin wannan littafi, inda mai binciken take 'yar maɗigo, kuma a ƙarshe asirin gida ne yake tonuwa.

Tambayoyina uku ne. Gawar da aka binne cikin awa shida, wace shaida za ta bari? Me zai hana jarumar ta tafi wurin 'yan sanda tun farko a huta? Sannan na tsara cewa an kashe amaryar ne saboda wani a gidan ya gano alaƙarsu. Wannan dalilin zai riƙe littafi har ƙarshe?

Malam Na Soro:

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin a nan ginin yake da tsaga. Idan alaƙar ce dalilin kisan, mai karatu zai gane tun babi na biyu, saboda ke da kanki kika ba shi sirrin a farko. Abin da mai karatu ya riga ya sani ba ya zama amsar littafin bincike. Ki bar sirrin jarumar ya yi wani aikin daban, wato ya zama igiyar da ta ɗaure ta, shi kuma kisan ki nemo masa dalili a cikin gidan Alhaji.

Da wannan kin amsa tambayarki ta biyu ma. Jarumar ta san abubuwan da ba ta isa ta faɗi yadda ta san su ba. Ta san mamaciyar tana da wata ƙaramar waya da take ɓoyewa a cikin kwallar kayan ɗaki. Ta san sun yi magana da ƙarfe ɗaya na dare, alhali mutanen gida sun ce tun bayan isha'i ta kwanta ba ta da lafiya. Ranar da ta kai wa ɗan sanda wannan magana, tambayarsa ta farko ita ce me ya haɗa ku da tsakar dare, ta biyu kuma ki kawo wayarki. Ke nan tana da gaskiya a hannu, ba ta da bakin faɗa, kuma duk takun da ta yi kusa da mai kisan, shi ma ya yi taku ɗaya kusa da sirrinta. A tsakiyar littafi ki sa shi ya tsinci ƙaramar wayar. Daga nan kowa yana riƙe da wuyan kowa.

Littattafan Turawan da kika ambata, irin wanda Val McDermid ta fara a 1987 da jarumarta Lindsay Gordon 'yar jarida, ko na Ellen Hart da ya fara fitowa a 1989 da Jane Lawless mai gidan abinci a Amurka, jarumansu ba sa ɓoye kansu kamar yadda taki za ta yi. Kada ki ɗauko yadda suke tafiya gaba gaɗi suna yi wa mutane tambayoyi ki dora wa mace a Kano. A nan mace ba ta tsayar da ƙanin Alhaji a shago ta ce ina kake daren Laraba. Tata hanyar ita ce shiga gida. 'Yan sanda maza a soro suke tsayawa, amma dillaliya, mai kitso, mai lalle, ungozoma, malamar Islamiyya, duk har ƙuryar ɗaki suke shiga ba a tambaye su. Ki ba ta ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i, ko ki ba ta ƙawa mai yin su.

Zaman makoki kuma kyauta ce gare ki. Kwana uku duk wanda ake zargi yana cikin gida ɗaya, mata a tsakar gida, maza a ƙofar gida, kowa yana ba da labarin yadda rasuwar ta faru sau ashirin a rana ga masu gaisuwa. Mai ƙarya ba ya maimaita labari sau ashirin iri ɗaya. Jarumar ta zauna kusa da uwargida tana jan carbi tana saurare: da safe an ce 'yar aiki ce ta fara ganin gawar, da la'asar an ce uwargida ce ta je tashinta sallar asuba. Ki jera littafin a kan sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, domin su ne ranakun da dangi suke sake haɗuwa.

Waɗanda ake zargi kada su gaza huɗu, kada su wuce shida. Kowannensu ki ba shi abu uku: dalilin da zai so ta mutu, damar shiga ɗakinta a daren, da wata ƙarya da yake yi. In su shida ne, biyar suna ƙarya ne don rufe wani abin kunya nasu daban, ɗaya ne kawai yake yi don kisan. Ronald Knox ya rubuta ƙa'idoji goma na irin wannan labari a 1929, kuma biyu daga ciki su ne marubutanmu suka fi karyawa: dole mai kisan ya bayyana tun farkon littafi, kuma ba a warware kisa da gaibu. Boka zai iya shigowa a matsayin mutum mai karɓar kuɗi da riƙe sirrin mata, amma idan aljani ko mafarki ne ya faɗi sunan mai laifi, kin cuci wanda ya biyo ki shafi ɗari biyu yana lissafi.

Anti Nas:

Ƙanwata, gawa tana barin shaida, sai dai a idon mutum ɗaya ko biyu take barinta: matan da suka yi mata wanka. Su kaɗai suka ga jikin gaba ɗaya kafin a sa likkafani. In da za ki ji shawarata, ko dai jarumar ta kasance cikin masu zuba ruwa, ko kuma tsohuwar da ta yi wankan ta zama babbar shaidarki. Kuma akwai nauyi a nan da zai ba ki babi guda cur, domin an hori mai wankan gawa da ta rufa asirin abin da ta gani. Tsohuwar da ta shekara talatin tana riƙe wannan amana ba za ta buɗe baki don yarinya ta tambaye ta sau ɗaya ba. Sai an je an dawo, sai ta kwana tana tunanin wanne ya fi nauyi, amanar gawa ko haƙƙin jini.

Ga abin da za ta iya gani da ido ba tare da wani awo ba.

Sandarewar jiki daga muƙamuƙi da wuya take farawa, kamar awa biyu zuwa shida bayan fitar rai, ta game jiki wajen awa goma sha biyu, sannan ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Zafi yana gaggauta ta, don haka gawar watan Afrilu a Kano ba ɗaya take da ta lokacin hunturu ba, ki tsayar da watan da labarinki ya faru tun yanzu. Idan an ce ta cika da asuba, amma da ƙarfe takwas na safe gwiwa da gwiwar hannu sun ƙi lanƙwasuwa har sai da aka yi da ƙarfi wajen cire mata riga, to ta daɗe da rasuwa kafin asuba. Wannan ba agogo ba ne, kada ki sa tsohuwa ta ce ƙarfe biyu da kwata. Iyakarta ta ce wannan gawar ta kwana.

Na biyu, kwanciyar jini. In zuciya ta tsaya, jini yana gangarawa ɓangaren da yake ƙasa, wurin ya yi duhu, kuma bayan kamar awa takwas zuwa goma sha biyu ba ya sake matsawa ko an juya gawar. Idan an ce a rigingine aka same ta a kan gado, amma duhun yana ƙirji da ciki da gefen fuska, to a kife ta mutu, wani ne ya gyara mata kwanciya daga baya. Kuskuren da ake yi shi ne kwafo kalar da littattafan Turawa suke bayarwa. A baƙar fata ba ya fitowa fili haka, sai a tafin hannu, tafin ƙafa, ƙarƙashin farce da cikin leɓe. In kina son ya fito sosai, ki sa amaryar ta zama fara.

Idan toshe mata numfashi aka yi ko shaƙewa, ana iya ganin ɗige-ɗigen jini ƙanana kamar bakin allura a farin ido da cikin fatar ido, cikin leɓe ya ƙuje inda ya gogi haƙori, wani farce ya karye. Mai wanka za ta ga idon ne lokacin da take rufe shi da kyau. Sannan ana tsefe wa mace kitso a wanke gashi, to a nan yatsa yake cin karo da kumburi ko tsagewa a ƙeya da ɗankwali ya rufe tun safe. Wannan wurin ki tsaya ki rubuta shi a hankali: ruwan magarya yana gangarowa, hannun tsohuwar ya tsaya cak a bayan kunne, ta ɗago ta dubi mai zuba ruwa, ta mayar da kai ba ta ce komai ba.

Guba kuwa, marubuta suna son fiya-fiya, amma suna mantawa tana da warin da ke cika ɗaki, kuma mutum ba ya mutuwa shiru da ita. Akwai amai, gumi, dalalar miyau, kumfa a baki, ƙwayar ido ta tsuke ƙwarai. Gida mai mutum goma sha biyar wani zai ji. In kin zaɓe ta, dole ki bayyana wanda ya wanke ɗakin, ya canza zanin gado, ya kunna turaren wuta da sassafe, kuma wannan ma shaida ce mai kyau. Kada dai ki ƙirƙiro gubar da ba ta da wari, ba ta da alama, ba a san sunanta ba.

Baban Walid:

Malama, ga dalilin kisa a cikin labarinki kin wuce shi ba ki gani ba: ki sa amaryar tana da ciki.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, in mamaci ya bar mace da ciki, ana dakatar da rabon gado sai ta haihu. Mu ce Alhaji ya bar Naira miliyan 48 bayan an biya bashi, iyayensa sun riga shi, yana da 'ya'ya mata biyu da uwargida, da ƙani ɗaya shaƙiƙi. In babu cikin, matan biyu za su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 6, kowacce 3. 'Ya'ya matan su ɗauki biyu bisa uku, miliyan 32, kowacce 16. Ragowar miliyan 10 na ƙanin ne. In aka haifi mace, su uku za su raba miliyan 32 ɗin, ƙanin yana nan da gomansa. Amma in namiji ya zo da rai, bayan tumuni sauran miliyan 42 za a kasa huɗu: yaron 21, kowace 'ya 10 da rabi, ƙanin kuwa ko sisi, domin ɗa namiji yana katange shi gaba ɗaya. Kin ga takardar sikanin da ta nuna namiji ne, wadda ake iya ganewa wajen wata biyar, ita ce ashanar da ta kunna wutar. Tambayar littafin ta koma: wa ya ga takardar nan? Direban da ya kai ta asibiti? 'Yar uwargida da ta raka ta? Kuma tun da amaryar ta rasu bayan mijin, miliyan 3 nata sun koma kan magadanta, don haka danginta ma ba su fita daga zargi ba.

Wani abu da zai ba mai karatu haushi mai amfani: ƙa'idar cewa wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe ba ta kama ƙanin kai tsaye, domin yayansa yake gada, ba amaryar ba.

Asirin gida da ke taɓa gado suna da yawa, ki zaɓi biyu, kada ki zuba duka. Auren ɓoye a wani gari da ya bar ɗa. Yaron riƙo da aka taso da shi yana amsa sunan Alhaji, bai san ba ya gado ba. Ɗan da aka haifa kafin wata shida da ɗaurin aure. Shayarwar da wata tsohuwa ta sani ta yi shiru, wadda ta haramta auren da aka riga aka yi. Takardar saki da aka rubuta ba a miƙa ba. Wasiyya kuma ba ta wuce ɗaya bisa uku, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda, don haka kada ki rubuta Alhaji ya bar wa amarya dukiyarsa kaf a takarda kamar a fim ɗin Turawa.

Bangaren hukuma, ki bi matakan yadda suke. Ana fara kai ƙara ofishin 'yan sanda na yanki, wurin DPO. Shari'ar kisa ba ta zama a can, ana mayar da ita sashen binciken manyan laifuka a hedikwatar Bompai. Kotun majistare ba ta da hurumin yanke hukuncin kisa, tana dai tura wanda ake tuhuma gidan gyaran hali, Kurmawa ko Goron Dutse, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan a tafi babbar kotu, inda ake tuhuma ƙarƙashin sashe na 221 na kundin Penal Code. Tono gawa sai da umarnin kotu, likitan da zai duba ta kuma daga babban asibiti kamar na Murtala ko na koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma dangi kusan kullum sukan ƙi. Jarumarki ba ta da ikon karɓo bayanan kira daga kamfanin waya. Abin da take da shi su ne mai gadi, mai shayin bakin layi, ɗan adaidaita sahun da ya sauke wani, takardar POS a aljihun riga, da lokacin da aka ɗauke wuta ko aka kira sallah.

Tsoron jarumar ma ki kafa shi a kan doka ta gaskiya. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a fili ko shiga ƙungiyarta. Dokar shari'ar Musulunci ta jiha ma ta haramta, ga kuma Hisba. Saboda haka wayar nan a hannun mai kisa makami ce ta sosai.

Hajiya Mai Littafi:

'Yata, shawarwarin nan sun yi, amma ki san kasuwar da za ki kai kayanki. Masu karatunki Musulmi ne da suka san hukuncin maɗigo a addini, kuma da yawa za su ajiye littafin da zarar sun ga jarumar da ake so su bi ita ce mai yi. Littafin da za a buga a sayar a Kano yana ƙarƙashin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, kuma ba a manta da ƙona littattafan Hausa da aka yi a 2007 zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ba. Sakin labari a Wattpad ko WhatsApp bai sa ya ɓuya ba, hoton shafi ɗaya ya isa ya zagaye gari. Ki yanke shawara da idonki a buɗe, da sunan da za ki sa a bango.

Ta fuskar rubutu kuma, littattafan intanet da suka taɓa wannan batu yawanci hanya biyu suke bi, ko batsa, ko a mayar da matar dodo mai lalata 'ya'yan mutane. Duka biyun suna kashe labarin bincike, na farko ya janye hankali daga kisan, na biyu ya sa a gane mai laifi tun daga bango. Abin da labarinki yake buƙata daga alaƙar nan shi ne rashi da tsoro: mace tana zaune a gidan makoki ana yi wa kowa gaisuwa ban da ita, ba ta da damar kukan da ya wuce na ƙawa. Wannan ba ya buƙatar ki buɗe ƙofar ɗaki ko sau ɗaya. Akwai ma damar ki bar shi a ƙawancen da mutane suke yi wa zargi, mai karatu ya yanke da kansa, igiyar da Malam ya ambata za ta ɗaure ta duk da haka, tun da a garin nan zargin kaɗai ya isa ya kashe aure.

'Yar Mandawari:

Allah Ya saka da alheri, na ɗauki maganar cikin da takardar sikanin. Saura ɗaya, Malam: tun da ba za ta iya zuwa Bompai da kanta ba, ta yaya gaskiyar za ta fito a babin ƙarshe ba tare da ta tona kanta ba?

Malam Na Soro:

Ki nemo wanda yake da haƙƙin yin magana, ta ɗora masa shaidar a hannu. Mahaifin mamaciyar ko yayanta su ne waliyyan jini, su za su iya kai ƙara, su nemi a tono gawa, ba wanda zai ce musu me ya shafe ku. Aikin jarumar shi ne ta haɗa musu abu uku da ba su dogara da kiran ƙarfe ɗaya na dare ba: bakin mai wankan gawa, takardar sikanin da aka samu inda bai kamata ba, da saɓanin maganar mutanen gida a kan wanda ya fara shiga ɗakin. Wurin fallasa kuma ki sa shi ranar zaman rabon gado, inda dangi duka suke, ga malamin da zai raba, ga kowa ya ji adadin da zai samu. Malamin ya tambaya ko akwai cikin da aka bari, sai wanda ya rantse bai san tana da ciki ba ya riga kowa cewa ai yaron ya tafi tare da uwarsa. Babu wanda ya taɓa cewa namiji ne. Ki tabbata tun babi na uku kin nuna wa mai karatu rantsuwar tasa, kin kuma nuna takardar a rufe cikin ambulan. Ƙaramar wayar kuwa tana hannunsa har lokacin, don haka kafin ki rubuta wannan zama sai kin yanke ko jarumar ta karɓe ta tun da farko, ko kuwa ta shiga ɗakin tana sane zai iya ɗaga ta sama a gaban kowa.